Yadda Manhajar SPICE ke Sanin Halin Dayod da Transisto: Sharhi kan Samfuran Kayan Da'ira

Da wuya mai koyon LTspice ko ngspice ko PSpice, wato manhajojin gidan SPICE da ke kwaikwayon aikin da'irar lantarki a kwamfuta, ya yi mako guda bai ci karo da wani saƙo mai ɗaure kai ba. Ya zana da'irarsa tsaf, ya ɗora transisto, ya goge sunan da ya zo da shi ya rubuta lambar wanda ke hannunsa, ya umarci manhajar ta fara lissafi, sai ta ce ba ta ga bayanin wannan samfuri ba. Wani kuma nasa ruɗanin ya fi wannan. Komai ya tafi lafiya lau a kwamfuta, amma da ya haɗa kayan a kan allo ya ɗora mita, sai awon ya sha bamban da abin da manhajar ta nuna masa. Matsalolin biyu uwarsu ɗaya, wato samfuri: bayanin lissafin da ake bai wa manhaja domin ta san yadda wani kaya ke amsa wutar da aka ba shi.

## Abin da manhajar ke gani

Zanen da ke kan fuskar kwamfuta na mai zane ne. Kafin lissafi ya fara, manhajar takan mayar da shi rubutu zalla, layi bayan layi, wanda ake kira netlis. Ga misalin layuka uku:

R1 1 2 4.7k
D1 2 0 DGWAJI
.model DGWAJI D IS=2.52n N=1.752 RS=0.568

Harafin farko na kowane suna shi ke faɗin nau'in kayan. R rasista ne, C kafasita, L kwayil, D dayod, Q transisto mai ƙafa uku irin na gargajiya, M kuwa MOSFET, wani nau'in transisto da bolteji ke sarrafawa. Lambobin da ke biye su ne mahaɗan da ƙafafun kayan suka taɓa, kuma mahaɗa ta 0 ita ce ƙasa, wadda ake auna duk wani bolteji daga gare ta.

Rasista adadi ɗaya ya wadatar da shi, domin dokar Ohm ta gama bayaninsa. Dayod ba haka yake ba. Wutar da ke ratsa shi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da boltejin da ke kansa, saboda haka layin D1 bai ɗauki adadi ba, sai ya yi nuni ga wani suna, DGWAJI, manhajar kuma ta je ta nemi layin da ya fassara wannan suna. Idan ba ta same shi ba, sai ta tsaya. Rubuta 2N3904 a jikin alamar transisto bai gaya mata komai ba, don ba ta san wani transisto mai wannan suna a duniya ba sai in akwai layin da ya ba ta ma'aunansa. Akasin haka ma yana faruwa: mutum na iya laƙaba wa samfurin banza suna mai daraja, ta karɓa ba musu.

## Daga ina wannan tsari ya fito

Asalin SPICE Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ce, a Amurka. Ta samo tushe daga wata manhaja mai suna CANCER wadda ɗaliban Ronald Rohrer suka rubuta a matsayin aikin aji wajajen 1969 zuwa 1970. Ɗaya daga cikinsu, Laurence Nagel, ya ci gaba da aikin a ƙarƙashin Donald Pederson, aka gabatar da SPICE a 1973, SPICE2 ta biyo baya a 1975, dukansu da harshen Fortran. Thomas Quarles ne ya sake rubuta ta da harshen C ta zama SPICE3 a cikin shekarun 1980. Saboda Berkeley ta bar lambar manhajar a buɗe ga mai so, kamfanoni suka ɗiba suka gina nasu. PSpice ta fito a 1984 domin ƙananan kwamfutoci, yanzu tana hannun Cadence. HSPICE tana hannun Synopsys. LTspice, wadda Mike Engelhardt ya rubuta, ta Linear Technology ce kafin Analog Devices ya saye kamfanin a 2017. Ita kuwa ngspice buɗaɗɗiya ce, kuma ita ke aiki a cikin KiCad, manhajar zana da'ira da allonta.

Wannan tarihi ne ya bar wa masu amfani gadon abu biyu. Na farko, ɗabi'un zamanin kati mai huda da ake shigar wa kwamfuta bayani da shi, lokacin da kowane layi kati guda ne: har gobe ana cewa katin samfuri, layin farko na netlis take ne da ba a lissafa shi, kuma layin da ya yi tsawo ana ci gaba da shi da alamar tarawa a farkon na biye. Na biyu, rarrabuwar harshe. Manhajojin 'yan gida ɗaya ne, amma kowace ta ƙara nata kalmomin, ba kuma hukuma guda da ke tilasta musu daidaituwa.

## Hanyoyi biyu da ake yawan rikitawa

Umarnin .model ba ya ƙirƙirar sabon lissafi. Ƙa'idojin lissafin dayod da na transisto suna nan a gine a cikin manhajar, abin da layin ke yi kawai shi ne cike gurabe da adadi. Duk gurbin da aka bari, manhajar za ta zuba masa adadin da ta tanada tun asali, kuma ba za ta sanar ba.

Umarnin .subckt daban ne. Ƙaramar da'ira ce sukutum da aka naɗe aka ba ta suna da ƙafafu, a cikinta akwai rasistoci da dayod da maɓuɓɓugan wuta, wani lokaci har da nata layukan .model. Da ita ake wakiltar ayisi (IC, da'irar da aka haɗe cikin guntun silikon ɗaya), da regyuleta, da yawancin manyan MOSFET na wuta, kuma harafin da ake kiranta da shi X ne. A nan ne masu koyo da yawa ke tuntuɓe. Mutum ya sauko da fayil ɗin MOSFET daga shafin kamfani, ya ɗora alamar MOSFET wadda harafinta M ne, alhali abin da ke cikin fayil ɗin .subckt ne. Manhajar ta fita neman .model ba ta samu ba. Maganin bai wuce buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu a duba kalmar farko ba, in .subckt ce a sauya harafin alamar zuwa X.

Sai jerin ƙafafu. A layin transisto na Q, tsarin kullum kolekta, bes, emita ne, ko yaya ƙafafun suke a jikin kayan na zahiri. Amma a .subckt, wanda ya rubuta fayil ɗin ne ya zaɓi jerin, kuma manhajar da matsayi take haɗawa, na farko da na farko, na biyu da na biyu, ba ruwanta da suna. In jerin alamar bai dace da na fayil ba, ƙafar wuta na iya faɗawa gurbin ƙafar fitarwa. Sau da yawa ba wani saƙon kuskure da zai fito, sakamako ne kawai zai zo a birkice.

## Dayod guda a ƙarƙashin tabarau

Ya kamata a ɗan tsaya a kan dayod, domin duk abin da ya shafi samfura ana iya ganinsa a jikinsa. Lissafinsa ya ginu kan ƙa'idar William Shockley, inda ma'aunai biyu ke jan ragama: IS, wato 'yar ƙaramar wutar da ke tsiyaya, da N, wanda ke faɗin yadda lanƙwasar zanen wuta da bolteji ke miƙewa. RS kuma turjiyar jikin kayan ce, wadda ba a jin ta sai wuta ta yi yawa.

A ɗauki samfura biyu. Na farko dayod da ba a ba shi ma'auni ko ɗaya ba, wanda manhajar ke sa wa IS na 1e-14 da N na 1. Na biyu mai adadin da ke misalin sama, irin waɗanda aka saba gani a samfurin dayod mai lamba 1N4148. Idan aka tura miliamfa 10 ta cikinsu, na farko zai ci kusan bolt 0.71, na biyu kusan 0.69. Mai dubawa zai ce ai duk ɗaya ne, dama an ce dayod 0.7 yake ci. To, a rage wutar zuwa maikro'amfa 10. Na farko ya koma wajen 0.54, na biyu ya gangara zuwa wajen 0.38. Bambancin da bai kai a kula ba ya zama milibolt 160, wanda ya isa ya hana da'irar gano sigina ko ta awo aiki yadda aka zata. Samfuri na iya dacewa da gaskiya a wuri ɗaya ya kauce a wani, kuma wanda ya gwada shi a wuri guda bai san halinsa ba tukuna.

Guraben da aka bari a buɗe sun fi wannan haɗari. CJO shi ne kafasitans ɗin mahaɗar dayod, TT kuma shi ke sa ya ɗauki lokaci kafin ya rufe idan wuta ta juya. In ba a saka su ba, sifiri ne, ma'ana dayod mai rufewa nan take a kowane irin sauri. Mai zana na'urar wuta mai kunnawa da kashewa sau dubu ɗari a daƙiƙa ba zai ga tartsatsin da dayod na gaske ke haifarwa ba. BV shi ne boltejin da dayod ke ɓallewa idan aka ba shi wuta a baibai, kuma in babu shi, manhajar na ɗaukar cewa ba ya ɓallewa har abada. Akwai ma wani abin lura a ɗakin samfuran LTspice: ana ganin kalmomi irin su Vpk da Iave da mfg a jikin samfuri, sai a zaci manhajar na aiki da su. Bayani ne kawai domin mai zaɓen kaya, ba sa shiga lissafi.

## Transisto da batun matakai

Samfurin transisto na Q ya ginu kan aikin Hermann Gummel da H. C. Poon na Bell Labs a 1970, mai ma'aunai wajen 40, kuma idan aka bar wasunsu yakan koma samfurin Ebers da Moll na 1954 wanda ya fi sauƙi. Ma'aunin da kowa ke fara dubawa shi ne BF, ƙarfin ninka wuta, wanda in ba a faɗa ba 100 ne. Sai dai takardar bayanan 2N3904 cewa ta yi a miliamfa 10 ninkin na iya kamawa daga 100 zuwa 300. Samfurin adadi ɗaya ya riƙe, alhali transisto goma daga leda ɗaya na iya ba da adadi goma. Da'irar da ba ta aiki sai BF ya tsaya cak a wuri guda za ta yi kyau a kwamfuta, ta ba da kunya a kan tebur.

MOSFET kuwa labarinsa na matakai ne. Mataki na 1, na Shichman da Hodges daga 1968, shi ne lissafin da ake koyarwa a aji, kuma ya isa ga transisto masu girma. Da transisto suka yi ta ƙanƙancewa a cikin ayisi, sai wannan lissafi ya daina kama gaskiya, Berkeley ta fito da jerin samfuran MOSFET mai suna BSIM. A 1996 kamfanonin masana'antar suka kafa majalisar daidaita samfura, wadda a yau ake kira Compact Model Coalition, kuma BSIM3v3 ne ta fara amincewa da shi. BSIM4 ya zo a 2000 da ma'aunai ɗaruruwa, daga baya BSIM-CMG ya zo domin transisto nau'in FinFET. Duk da wannan daidaito, lambar mataki ba ta daidaita ba: BSIM3v3 mataki na 49 ne a HSPICE, na 7 a PSpice, na 8 a SPICE3.

## Inda masana suka rabu

Ra'ayi na farko ya fifita samfurin da ya bi ilimin fiziks, wato kowane ma'auni yana da ma'ana a cikin silikon. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce irin wannan samfuri yakan ci gaba da faɗin gaskiya ko an sauya zafi ko girman transisto, har a yanayin da ba a taɓa aunawa ba. Masu ƙera ayisi ba su da zaɓi sai shi. Aibinsa nauyi: ayisi mai transisto dubbai na iya cinye sa'o'i kafin a ga abin da ya faru cikin daƙiƙa guda.

Ra'ayi na biyu ya ce mai haɗa allo ba ya buƙatar sanin cikin ayisi, halinsa a bakin ƙafafu kawai yake nema. Wannan tunani ya samu gindin zama tun 1974, lokacin da Graeme Boyle da abokan aikinsa, ciki har da Pederson, suka wallafa taƙaitaccen samfurin op-amp, wato ayisi mai ƙara ƙarfin sigina, mai transisto biyu kacal a mashiga, sauran kuwa maɓuɓɓugan lissafi ne da 'yan rasistoci da kafasitoci da dayod. Ya yi sauri ninkin ba ninkin, kamfanoni suka rungume shi. Amma yana da sanannen rauni: wutar da yake bai wa lodi ba ta bayyana a ƙafafun da ke ɗaukar wuta daga batir. Wanda ya yi amfani da shi don ƙiyasta kwanakin batir zai samu amsa mai daɗin ji wadda ba ta da tushe. Sababbin samfura da yawa sun gyara wannan, tsofaffin kuma na nan suna yawo a intanet. Shi ya sa bayanan da ke saman fayil, layukan da ke farawa da tauraro, suka cancanci karatu, domin a nan marubuta masu kula ke lissafa abin da samfurin ya ƙunsa da abin da ya bari.

Taƙaddama ta biyu a kan sirri ce. Wasu kamfanoni na kulle samfuransu ta yadda manhaja ɗaya ce kawai ke iya buɗe su. Dalilinsu a fili yake: cikakken samfuri na iya tona yadda aka tsara ayisin ga abokan gasa. Masu suka kuma na cewa samfurin da ba a iya karantawa ba a iya binciken kurensa, kuma yana ɗaure injiniya ga manhaja guda, domin fayil ɗin da aka kulle wa PSpice ba zai gudu a LTspice ko ngspice ba. An samar da hanyoyin tsaka-tsaki. IBIS, wanda ya fito a 1993, yana bayyana halin ƙafafun ayisi na dijital da jadawalin awo ba tare da nuna cikinsa ba. Verilog-A kuma ya ba da damar rubuta ƙa'idojin lissafin samfuri sau ɗaya a harshen da manhajoji da dama ke fahimta, kuma da shi ake fitar da sababbin samfuran da majalisar ta amince da su.

## Ƙananan tarkuna

SPICE ba ta bambanta babban harafi da ƙarami. Saboda haka M na nufin mili, kashi ɗaya cikin dubu, kuma mai son miliyan sai ya rubuta MEG. Wanda ya rubuta 1M yana nufin rasista mai om miliyan ɗaya ya saka waya ce kawai. Haka F ke nufin femto, don haka 1F ba farad ɗaya ba ne, kafasitans ne da kusan babu shi.

Wani lokaci manhajar kan tsaya ta ce tazarar lokaci ta yi ƙanƙanta. Dalilin shi ne tana warware lissafin ta hanyar Newton da Raphson, wato ta yi hasashe, ta gyara, ta sake gyarawa har amsa ta natsu. Samfurin da ke tsalle daga wani adadi zuwa wani ba tare da gangara ba, kamar makunni mai sauyawa nan take, yakan hana amsar natsuwa. Abin mamaki, ƙara wa samfuri ɗan lahani irin na zahiri, 'yar turjiya ko ɗan kafasitans, shi ke warware matsalar a lokuta da yawa.

## Abin da wannan ke nufi ga masu aiki da masu saye

Ga ɗalibi, babban haɗarin shi ne ya saba da kayan da ba sa lalacewa. Rasista mai ɗaukar rubu'in wat zai sha wat 50 a cikin manhaja bai yi hayaƙi ba. Dukan da'irar na zaune a digiri 27 na ma'aunin Salshiyas sai in an sauya, kuma samfuran gargajiya ba sa ɗumama kansu, alhali boltejin dayod na raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri. Duba ko kaya ya wuce iyakarsa aikin mai zane ne, da takardar bayanai a gefensa.

Ga mai gyara da ke son musanya kayan da ya ƙone da wani makamancinsa, manhajar na da amfani wajen ganin ko da'irar za ta jure bambancin, muddin ya gwada da adadi mafi ƙanƙanta da mafi girma da takardar ta ba da, ba na tsakiya kaɗai ba. Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke yi da gwajin Monte Carlo, inda ake maimaita lissafi sau ɗaruruwa ana jujjuya ma'aunai, da kuma gwajin kusurwa da masu ƙera ayisi ke yi da samfurin transisto mai sauri da mai nawa da na tsakiya.

Kayan da ake rainawa su ne suka fi ba da mamaki. Harafin C shi kaɗai na wakiltar kafasita marar aibi, amma na gaske yana da turjiya da indoktans a ɓoye. Kafasitan yumɓu nau'in X5R da X7R kuma na rage ƙima idan aka ɗora musu bolteji, har ƙarami daga cikinsu na iya rasa rabin ƙimarsa ko fiye kafin a kai iyakar da aka rubuta masa, abin da nau'in C0G ba ya yi. Kwayil ma yakan ƙoshi idan wuta ta yi yawa, indoktans ɗinsa ya faɗi. Caja ko adafta da aka tsara ba tare da lura da waɗannan ba ita ce ke zuwa hannun mai saye tana zafi, tana tsuwwa, ko ta mutu da wuri. Kamfanoni irin su Murata da TDK na ba da samfuran da suka ƙunshi waɗannan halaye kyauta, ga wanda ya san ya nema.

A ɓangaren ƙera ayisi kuwa, samfuran masana'anta sun daɗe a kulle, ba a samun su sai an sa hannu kan yarjejeniyar rufe baki. A 2020 Google da SkyWater suka saki kundin fasahar SKY130, mai girman nanomita 130, a buɗe, har da samfuran transisto ɗinta, daga baya cibiyar IHP ta Jamus ta saki nata. Ɗalibin da ke da ngspice a kwamfutarsa yanzu na iya buɗe samfurin BSIM4 na masana'anta ta gaske, ya karanta ma'aunansa layi-layi, ya ɗora shi kusa da lissafin mataki na 1 da aka koya masa a aji, ya ga a wane bolteji lanƙwasan biyu suka fara rabuwa.